Gurun asibiti

Shekara 20 da ɗoriya ina auna mutane. Kafaɗa, ƙirji, wuya, hannu, tsawon riga, ƙugun wando. Darasin farko da maigidana ya koya mini a shago kuwa shi ne kada in kuskura in karɓi awo daga bakin mai kaya. Mutum zai rantse maka ƙugunsa 34 ne, ka zagaya masa tef ka ga 38. Ba wai ƙarya ya shirya ba, awon shekara 5 da suka wuce ne ya maƙale masa a ka. Ni ma haka nake faɗa wa yaran shagona. Ban taɓa kawowa reshe zai juye da mujiya ba.

Ciwon lalacewar tsoka nake da shi, na gado, wanda likitoci ke kira maskula distirofi, nau'in Becker. Tun ina ɗan shekara 14 nake yawan faɗuwa a filin ƙwallo, ga sharaɓana manya kamar na ɗan dako, har abokai na yi mini tsiya wai ƙafa ce ta banza, girma ba ƙarfi. Kawuna, ƙanin Inna, haka yake tafiya da ɗage, ciki a gaba, kafaɗa a baya. An ce shan inna ne, an ce sammu, an sha rubutu, an yi turare. Ya ƙare a keken guragu, kuma zuciya ce ta yi ajalinsa, Allah Ya ji ƙansa. Ni sai da na kai 29 aka gano sunan abin, bayan gwajin jini ya nuna sinadarin CK, wanda ke zuba cikin jini in tsoka na lalacewa, ya haura nesa da ƙa'ida, aka kuma aika jinin waje aka tabbatar. Sunan wani likitan Jamus ne aka laƙaba wa ciwon, shi ya bayyana shi a 1955. Yadda na fahimci bayanin da harshen sana'ata shi ne: akwai wani abu a cikin tsoka mai suna distirofin, aikinsa kamar shafi ne a cikin riga, shi ke hana ta yagewa in an ja. Yaran da ke da nau'in Duchenne, wanda ya fi tsanani, kusan babu shafin sam. Mu kuwa akwai, sai dai mai shara-shara ne. Ta wajen uwa yake biyowa, maza yake kayarwa. Ɗana namiji ba zai gada daga gare ni ba, amma 'yan matana biyu duk suna ɗauke da shi a jini. Wannan zance ne na wata rana.

A watan Sha'aban na koma asibiti sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, saboda na lura tashi daga tabarma ya fara zama mini aiki. Likitar gashin, wata baiwar Allah mai yawan rubutu da ƙarancin magana, ta ce ba za ta ba ni atisaye ko ɗaya ba sai ta san yawan motsin da nake yi a rayuwata ta kullum. Na ce to a auna yau. Ta ce a'a.

"Malam, ba tela ba ne kai? Azumi ya ƙarato, ga ɗinkin salla. In na auna ka yanzu, awon mutumin da ba ya barci zan samu. Mako nake so irin wanda ba komai a cikinsa. Ka dawo bayan salla da sati 3."

Kafin nan ta tura ni awon bugun zuciya da hoton zuciya. Ta ce a ciwon Becker zuciya kan iya raunana tun ƙafa na ɗaukar mutum, don ita ma tsoka ce, kuma ba za ta sa ni tafiyar gwaji ba sai likitan zuciya ya sa hannu. Na tuna Kawu, ban yi gardama ba. Sakamako ya fito da dama-dama, aka ce in riƙa dawowa duk shekara.

Ranar da na koma, da takardar tambayoyi muka fara. A kwana 7 da suka wuce, kwana nawa ka yi tafiyar da ta kai minti 10 a jere? Na ce kullum. Kamar minti nawa a rana? Na ce awa guda, ko fiye. Awa nawa kake yi a zaune? Na ɗan yi lissafi na ce 5. Ta rubuta ba ta ɗago kai ba. Wallahi a lokacin ban ji a jikina cewa na ƙara ko na rage ba.

Sai gwajin ƙarfi. Na kwanta a gado, tana danna ƙafa ina turewa, tana ba kowace gaɓa maki daga 0 zuwa 5. Hannuwa sun samu 4 da 5. Cinya da tsokar ɗuwawu, nan ne gizo ke saƙar, 3 suka tsaya. Daga nan ta shimfiɗa tabarmar roba ta ce in kwanta rigingine, in ta ce tashi in miƙe tsaye iya saurina, ba dafa bango, ba dafa kujera. Ga ɗalibai biyu tsaye suna kallo. Na juya rub da ciki, na durƙusa, na kafa hannu a ƙasa, na ɗaga baya, sannan na dafa gwiwa, na dafa cinya, na hau jikina kamar mai hawa tsani. Daƙiƙa 9. Ta juya ta ce wa ɗaliban su lura da kyau, wannan ita ce alamar Gowers, wani likitan Ingila ne ya siffanta ta tun 1879. Na ji wani iri. Abin da nake ɓoyewa a bayan labule shekara da shekaru, ashe yana da suna a littafi tun kafin Turawa su ci Kano.

Tafiyar mita 10 da hawa matakala 4 ba su ɗauki lokaci ba. Hawan ne dai sai da na kama ƙarfe da hannu biyu, ta rubuta hakan ma.

Babban gwajin shi ne tafiyar minti 6. Akwai wata doguwar baranda a bayan sashen, an auna mita 30 an sa alama a ƙasa, kujerar roba a wannan ƙarshen, wata a wancan. Aikina in yi ta kai da komo, in zagaya kujera, in ci nisan da zan iya ba tare da gudu ba. In na gaji ina iya tsayawa in jingina, amma agogo ba zai tsaya ba. Ɗalibi ɗaya yana bina a baya saboda faɗuwa. Abin da ya ba ni mamaki, ba a yarda a yi maka kirari ba. Duk minti ɗaya za ta ce, "Kana ƙoƙari, saura minti kaza," da murya ɗaya kamar mai karanta sanarwa. Daga baya na tambaye ta dalili, ta ce zuga tana ƙara wa mutum mita, in yau an zuga ka gobe ba a zuga ba, awon biyu ba za su haɗu ba. Wannan na gane shi sarai. Tef ɗin da ka ja da ƙarfi yau, ka sassauta gobe, ba awo ba ne.

Minti 2 na farko lafiya lau. A na 4 cinyoyina suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun yashi, ƙugu ya fara rangaji hagu da dama. Zagaya kujerar ya fi tafiyar wuya. Da ta ce tsaya, na yi sawu 11 da 'yan kai, mita 342. Lafiyayye sa'ana yakan wuce 500. Ta nuna mini wani kati mai lamba 0 zuwa 10, ta ce in nuna yawan wahalar da na ji. Na so in nuna 4. Na nuna 7.

Sannan ta buɗe durowa ta fito da abin.

Ɗan akwati ne da bai fi kwalin ashana ba, a jikin ɗamarar roba. Na'urar auna motsi. Ba allo, ba maɓalli, ba abin da za ka duba. Ta ce da gangan ba a so mai sanye da ita ya ga lamba, don in yana gani zai riƙa bin lambar. Za a ɗaura a ƙugu ta gefen dama, daga tashi barci zuwa kwanciya, kwana 7. A cire in za a yi wanka. Ranar da ba ta kai awa 10 a jiki ba ba ta shiga lissafi, kuma in kwanakin kirki ba su kai 4 ba sai a sake daga farko. Ta haɗa mini da takarda mai layi-layi, kowace rana shafi guda: lokacin da na ɗaura, lokacin da na cire, abin da nake yi a kowace awa, da lambar gajiya kafin barci. Na sa hannu cewa zan dawo da kayan gwamnati lafiya. Har na kai ƙofa ta kira ni, ta miƙo wata wasiƙa mai hatimi.

"Ka riƙe wannan a aljihu, Malam. Musamman ranar Juma'a."

Da na isa gida na ɗaga riga na nuna wa mai ɗakina, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, yau kuma guru aka koma? Na tsarin ƙarfe ne ko na farin jini?" Shi ke nan suna ya bi shi. Har yaran shago gurun Oga suke cewa.

Litinin na yi abin kunya. Ni da nake hawa babur ɗin yarona zuwa shago, ranar na ce a ƙafa zan tafi. Da rana na je sayen zare da kaina, abin da rabona da yi an fi shekara. Da dare ina zagaya tsakar gida ba dalili, mai ɗakina tana tankaɗe tana kallona ta wutsiyar ido. Can ta ce, "Wai ni wa ake son burgewa, likitar ko gurun?" Na shige ɗaki. A takarda na rubuta gajiya 8.

Talata na koma halina, don jiki ya ƙi. Laraba na yi wankan safe na bar shi rataye a ƙusar banɗaki, ban tuna ba sai azahar, na aika yaro ya ɗauko. Ranar ta tashi a banza. Alhamis muka shiga Kantin Kwari sayen yadi a adaidaita sahu. Shagon da nake saye yana hawa na biyu. Na tsaya a ƙasa a inuwa, na tura yaro da samfur, ya hau ya sauko sau uku kafin mu dace da kalar. Na daɗe ina yin haka, ina ce wa kaina koya masa kasuwa nake yi.

Juma'a na gane amfanin wasiƙar. Tun harin da aka kai babban masallacin cikin gari a 2014, masallatai da yawa ba ka shiga sai 'yan agaji sun shafa maka abin bincike. Yaron ya kawo shi daidai ƙuguna abin ya yi ƙara. Ya laluba ya ji akwati ɗaure da ɗamara a ƙarƙashin riga. Na ga yadda fuskarsa ta sauya, ya ja da baya taku ɗaya. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne abin da zan yi ke nan. Na ce masa a hankali, "Samari, kayan asibiti ne, takarda na aljihun gaba, ɗauko da kanka." Babbansu ya zo ya karanta, ya ba ni haƙuri, har ya riƙe mini hannu na haye matakala. Ranar na yi tafiya mai yawa: zuwa masallaci da dawowa, gaida Inna a cikin lungu inda abin hawa ba ya shiga, sannan ta'aziyya a unguwar gaba. Asabar ban iya zuwa shago ba sai bayan azahar. Lahadi ma kusan haka.

Rubuta takardar nan ya fi ɗaura gurun wuya. Duk awa sai ka tsaya ka tambayi kanka me ka yi. Ɗinki. Ɗinki. Yanka, a zaune. Hira. Ɗinki. Kafin mako ya ƙare na fara jin haushin alƙalamin.

Bayan kwana 10 ta kira ni duba sakamako. Ta juyo mini kwamfuta, ga kwanakin jere, kowanne da zane kamar haƙoran zarto, inda ya yi tsini motsi, inda ya kwanta zama. Litinin taku 5,900. Talata 3,100. Alhamis kusa da haka. Juma'a 6,400. Asabar 1,300, Lahadi 1,500. Zama kuwa, a kan matsakaici, ya haura awa 10 a rana. Tafiyar da ta kai minti 10 a jere, sau 4 kacal a duk makon, uku daga ciki Litinin da Juma'a. Ta ɗauko takardar tambayoyin farko ta ajiye kusa da kwamfutar, inda na ce kullum, awa guda, zama awa 5. Ba ta ce komai ba. Ƙugu 34 ke nan.

Amma fa ban haɗiye duka ba. Na sa yatsa a kan Talata, daga ƙarfe 9 zuwa 1, inda zanen ya kwanta shamɓal kamar na mai barci.

"Likita, nan fa kaftani biyu na haɗa. Babu wuta, da ƙafa na taka keke awa 4. Na tashi cinyata na rawa. Shi ne abin nan zai ce zaman banza na yi?"

Ta ce ina da gaskiya. Na'urar girgizar ƙugu take ji, ba wahalar tsoka ba. In ƙugu na kan kujera, ko dutse kake turawa da ƙafa, ita a wurinta kana zaune. Haka take yi wa mai tuƙa keken hawa. Sai ta nuna mini tsini mafi tsawo a duk makon, Alhamis da hantsi, wanda kwamfuta ta lissafa a matsayin motsa jiki mai ƙarfi. Ta ce in duba takardata. Na duba: a cikin adaidaita sahu nake, muna faɗawa ramuka. Muka yi dariya mu duka. Ta goge wannan, ta rubuta awannin keken ɗinki a gefe da hannu.

Ta ƙara mini da wani bayani da har yau nake juya shi. Iyakokin da kwamfuta ke amfani da su wajen cewa wannan motsi sassauƙa ne, wannan matsakaici, wannan mai ƙarfi, a jikin masu lafiya aka fitar da su. Tafiyar da lafiyayye zai yi yana hira a waya, ni tana iya cin rabin ƙarfina, amma na'ura za ta rubuta mana maki ɗaya. Ga shi kuma mai tafiya a hankali, yana jan ƙafa ko yana rangaji, ba duk takunsa take kamawa ba. Shi ya sa ba ta yarda da na'ura ita kaɗai, sai ta haɗa da takarda da lambar gajiya. Ta ce a Turai yanzu akwai wadda ake ɗaurawa a idon sawu, tana auna saurin kowane taku, a ware mafiya sauri daga cikin takun da yaro ya yi a gida da makaranta. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da wannan awo a gwajin magungunan Duchenne a 2019, ta ƙara masa matsayi a 2023. Na ce to da ita aka ɗaura mini, da feda ta ba ni taku dubu ashirin. Ta ce shi ma ai wata ƙaryar ce.

Ni a ganina, har gobe gurun ya ci mini haƙƙi a kan keken ɗinki. Kayan awon da bai san sana'ar mutum ba, rabin mutum yake aunawa. Sai dai abin da ya faɗa a kan ƙafata, ban sami inda zan ƙaryata shi ba.

Na tambaye ta batun taku 10,000 da wayar yarona ke ta yi masa tuni. Ta ce in cire shi daga raina. Asalin lambar sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar kasuwa a Japan a 1965, ba wahayi ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce manya, har da masu naƙasa, su nemi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, amma wanda bai iya ba ya yi gwargwadon ikonsa, kaɗan ya fi babu. Ta ce ni matsalata ba ƙarancin taku ba ce kawai. Ta sa biro ta haɗa Litinin da Talata, ta haɗa Juma'a da Asabar da Lahadi. Rana ɗaya ina cin bashin ƙarfi, kwana biyu ina biya. Tsokar da shafinta ba shi da kauri, in aka yi mata lodi tana yagewa ne, kuma ba ta gyaruwa kamar ta kowa. In kuma aka bar ta zaune, ta ƙara shanyewa, nauyin jiki ya ƙaru a kanta. Tsakanin nan ake neman hanya.

Duk wannan na ɗauka. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro ba kwamfuta ce ta fito da shi ba, rubutun hannuna ne. Tana bin takardar layi-layi sai ta ce, "Malam, masallacin unguwarku da nisa ne?" Na ce ko kusa, gida 6 ne tsakani, na shago ma tsallaken titi ne. Ta yi shiru, ta ci gaba da karatu. Ni kuwa na karɓi takardar na ƙirga. Salla 35 a mako. Wadda na yi cikin jam'i 11. Sauran duk "a shago", "a ɗaki", "a shago". Da a ce wani ya tare ni a hanya kafin ranar ya tambaye ni, da na ce masa jam'i ba ya wuce ni sai da larura, kuma da zuciya ɗaya zan faɗa.

A hanyar gida na yi ta bin abin a raina, yaushe ya fara. Ba rana ɗaya ba ce. Masallacin shago yana da matakala 3 ba abin kamawa, sai na fara cewa aiki ya yi yawa, in yi azahar a ciki. Na unguwa ba matakala, amma akwai tasowa daga sujada a tsakiyar sahu. Liman ya yi kabbara, kowa ya miƙe, ni ina nan ina hawa jikina, wani lokaci in dafa kafaɗar na kusa ba da niyya ba. Na koma ƙarshen sahu jikin bango. In na tarar wani ya riga ni bangon sai in ji gabana ya faɗi. Daga nan na fara zaɓar Magariba da Isha, lokacin da duhu ke rufa asiri. Kowane mataki da dalilinsa mai kyau, kuma ban taɓa haɗa su wuri ɗaya na kalla ba. Haka na daina hawa benen Kwari. Haka na daina zuwa ɗaurin auren da za a zauna a ƙasa. Garin yana nan yadda yake, nawa ne ya yi ta tsukewa kamar rigar da ta sha wanki.

Akwai kujeru biyu na roba a bayan masallacinmu, na tsofaffi. Shekarata 36. Na fi wata ina kallonsu. Ranar da na sami Liman shi kaɗai bayan Asuba na faɗa masa komai, har da daƙiƙa 9. Ya saurara, sannan ya karanto mini hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda ya kai kukan rashin lafiya aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, na san hadisin. Idon mutane ne." Ya ce, "To idon mutanen ne zai tashe ka daga sujada?" Washegari na tarar an ƙara kujera ta uku, an ajiye ta a ƙarshen sahun farko. Ban tambayi wanda ya kawo ba. Kwana biyu na farko na ji kamar kowa ni yake kallo. Wani dattijo ya tambaye ni ko faɗuwa na yi a babur. Daga nan ba wanda ya sake tankawa.

Tsarin da likitar ta rubuta mini bai cika shafi ba. Tafiyar minti 10 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sau biyu a rana, bayan Asuba da bayan La'asar, da saurin da zan iya magana ina yi, kada lambar gajiya ta wuce 4 ko 5. Zuwa masallaci yana cikin lissafi. A shago in miƙe duk bayan rabin awa, ko da zuwa teburin yanka ne. Miƙar da agara safe da dare, don ita ke ɗaurewa ta sa mutum tafiyar ɗage. Ban da ɗaukar kaya masu nauyi, ban da tsallen kwaɗo da duk wani atisayen 'yan ƙwallo, kuma in yi hattara da gangara da saukowa daga bene, don saukowa ta fi hawa cin tsoka, abin da ban taɓa zato ba. In ciwon jiki ya kwana biyu bai sake ni ba, na wuce gona da iri. In kuwa na ga fitsari ya koma kalar baƙin shayi, kada in jira gobe, asibiti kai tsaye, tsoka ce ke narkewa tana bi ta ƙoda. Harkokin Juma'a a raba su: Inna ranar Talata, ta'aziyya a kan babur.

A kan keken ɗinki mun ɗan ja. Ni na so in sa masa moto in huta gaba ɗaya. Ta ce in sa, saboda ranakun da aiki ya taru, amma kada in yar da feda, taka ta minti 20 a huta motsi ne mai kyau, awa 4 a jere ne ba ta yarda da shi ba. Na ƙara wa kujerar shago tsawo da katako, tashi ya yi sauƙi. Matakalar masallacin shago kuwa, maƙerin da ke kusa da mu ya kafa mata ƙarfen kamawa, ya ƙi karɓar kuɗin aiki.

Inna ce kaɗai ban nuna wa takardun ba. Tun ranar da ta ji cewa ta wajen uwa abin ke biyowa take ɗora wa kanta, ko da yake likita ya gaya mata ba laifin kowa ba ne. Da na je ranar Talata ta ce, "Yau ba Juma'a ba, lafiya?" Na ce lafiya lau, marmarinki na yi. Ta kawo mini kujera ba tare da na roƙa ba, ta naɗe tabarmar da ta saba shimfiɗa mini. Ashe ta daɗe da gani.

Za a maimaita komai bayan wata 6: baranda ɗaya, kujeru biyu, takalmi iri ɗaya, lokaci ɗaya na safiya, sannan gurun ya sake kwana 7. Ta gaya mini tun yanzu kada in sa rai lambobin za su hau. Abin da take nema shi ne su tsaya inda suke gwargwadon hali, haƙoran zarton kuma su daidaita, kada Juma'a ta cinye Asabar. In mita 342 ta ragu sosai, za mu san lokaci ya yi da za a yi maganar sanda ko takalmin gyaran ƙafa, tun kafin faɗuwa ta yanke mana hukunci.

Takardun asibiti ɓacewa suke yi a gidanmu, yara su yi jirgi da su. Don haka na kwafe lambobin a littafin awo na shago, wanda ba ya ɓata, a shafin da ke bin na wani Alhaji mai babbar riga: 342, 9, 3, 3, 11 cikin 35, da ranar komawa. Jiya ƙaramin yaron shagon yana neman awon wani wando ya ci karo da shafin. Ya juya shi sama, ya juya ƙasa.

"Oga, wannan awon na waye? Ba suna, kuma ban gane ko riga ce ko wando ba."

Na ce ya bar shi, mai shi zai dawo gwaji.